Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ilektiron ke Tafiya a Cikin Girafin da Bututun Kabon

A 1947 aka fara lissafa yadda ilektiron, ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, zai yi tafiya a cikin falle ɗaya na kabon, amma sai a 2004 aka samu fallen a hannu aka auna. Shekara 57 lissafi yana gaba, gwaji yana biye. Shi ya sa wannan fanni ya zama wurin da ake ganin iyakar abin da alƙalami ke iya hangowa, da kuma inda sai ma'auni ya gyara masa zama. Ga tambayoyin da mai son shiga batun kan fara da su.

Mene ne girafin, kuma me ya haɗa shi da bututun kabon?

Baƙin da ke cikin fensir girafait ne, wato kabon zalla da aka jera falle a kan falle. Kaurin kowane falle ƙwayar zarra ɗaya ne tak, ƙwayoyin kuma a jere suke cikin tsarin saƙar zuma, kowane ido da kusurwa shida. Tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta nanomita 0.142 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Tsakanin falle da falle akwai nanomita 0.335, kuma riƙon da ke tsakaninsu ba shi da ƙarfi, dalilin ke nan da fensir ke barin alama a takarda. Idan aka ɓare falle guda aka ware shi, girafin ke nan. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka yi haka a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 2004. Da salatif suka riƙa ɓare girafait har ya yi siriri, suka manna shi a kan silikon, suka ja masa wayoyi suka auna. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 2010.

Bututun kabon kuwa fallen nan ne a naɗe, faɗin bakinsa nanomita 1 zuwa 2 idan mai bango ɗaya ne, tsawonsa kuma yana ninka faɗin sau dubbai. Rahoton Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan a 1991 ne ya jawo hankalin duniya kansa, masu bango ɗaya kuma aka same su a 1993. A wurin mai nazari abubuwan biyu gida ɗaya suka fito. Lissafin girafin ne, da ƙarin sharaɗi guda.

Idan aka ce tafiyar ilektiron, me ake son a sani?

Ana son a san yawan lantarkin da zai ratsa abu idan aka ɗora masa bolt kaza, da abin da ke hana shi ya fi haka. Amsar da aka saba da ita ta faro daga Paul Drude a 1900. Ilektiron ya ɗan yi tafiya, ya yi karo, ya canza hanya, ya sake tashi. Abin da yake karo da shi ko dai datti ne, ko gurbin da wata ƙwaya ta ɓace, ko girgizar da zafi ke sa ƙwayoyin su yi. Yawan karon shi ne turjiya.

A wayar jan ƙarfe, a zafin ɗaki, ilektiron kan yi kimanin nanomita 40 kafin ya yi karo. A bututun kabon mai tsabta yakan kai maikiromita guda, wato nanomita 1,000. To idan na'urar da aka ƙera ba ta kai wannan tsawon ba, sai ya shiga ta nan ya fita ta can bai taɓa komai ba. Daga nan dokar Ohm ta makaranta ta daina aiki yadda aka san ta, domin ninka tsawon waya ba ya ninka turjiyarta. Dole a koma ga dokokin kwantam, wato dokokin da ke tafiyar da abubuwa ƙanana irin su ƙwayar zarra, a ɗauki ilektiron a matsayin taguwa mai iya ratsa shinge, mai iya haɗuwa da kanta ta ƙaru ko ta kashe kanta.

Yaya aka yi lissafin abin da ba a taɓa gani ba?

Philip Wallace, ɗan Kanada da ya yi lissafin nan na 1947, girafait yake son fahimta, wanda ake amfani da shi a tukunyar nukiliya a wancan zamani. Ya fara da falle ɗaya ne don ya fi sauƙin warwarewa.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Kowace ƙwayar kabon tana da ilektiron huɗu na waje. Uku sun tafi wajen ɗaure ta da maƙwabtanta uku, su ne ke ba fallen ƙarfinsa, kuma ba sa zuwa ko'ina. Na huɗun ne mai 'yanci. Sai a ce yana iya tsallakawa daga ƙwayarsa zuwa ɗaya daga cikin maƙwabta uku, a ba tsallaken nan adadi guda, kimanin ilektiron-bolt 2.7 (ilektiron-bolt shi ne kuzarin da ilektiron ke samu idan bolt ɗaya ya tura shi). Abu na biyu da za a lura da shi yana cikin saƙar kanta. Duk kabon ne, amma matsayi iri biyu ne. Idan ka kira wata ƙwaya A, maƙwabtanta uku duk B ne, kowace B kuma A uku ne ke kewaye da ita. Saboda haka taguwar ilektiron kashi biyu gare ta, na kan A da na kan B, lissafin kuma ya koma ɗan jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu, wanda ɗalibin jami'a zai warware a shafi ɗaya.

Abin da ke fitowa shi ne rukunin kuzari biyu, na ƙasa cike da ilektiron, na sama fanko. A silikon akwai giɓi tsakanin irin waɗannan rukunai, kimanin ilektiron-bolt 1.1. A girafin babu giɓi, rukunan suna taɓa juna a ɗigo shida, waɗanda idan aka tantance biyu ne kawai masu zaman kansu, ana ce musu kwari biyu. Kusa da wurin taɓawar, kuzarin ilektiron yana ƙaruwa daidai wa daida da momentam ɗinsa, wato ƙarfin tafiyarsa, a miƙe, ba lanƙwasa. Kusan duk abin mamakin da za a ambata a ƙasa daga nan ya fito. A ganina ba kasafai ake samun lissafi mai sauƙi haka da ya haifi abubuwa masu yawa haka ba, kuma duk mai son fannin ya kamata ya yi shi da hannunsa ko sau ɗaya.

Da gaske ne ilektiron ba shi da nauyi a cikin girafin?

Nauyinsa yana nan. Abin da ya canza shi ne yadda yake amsa turi a cikin wannan saƙa. A mafi yawan abubuwa idan ka ƙara wa ilektiron kuzari, gudunsa ya ƙaru. A girafin, kusa da ɗigon nan, gudun ɗaya ne ko da kuzarin ya ƙaru ko ya ragu, kimanin kilomita 1,000 a daƙiƙa, wato kashi ɗaya cikin 300 na gudun haske. Haske ma haka yake, gudunsa ba ya canzawa, shi ya sa ake cewa ilektiron yana tafiya kamar mara nauyi.

A 1984 Gordon Semenoff, da kuma David DiVincenzo tare da Eugene Mele, suka nuna cewa lissafin ya yi daidai da wanda Paul Dirac ya rubuta a 1928 don ƙwayoyi masu gudu kusa da na haske. A lissafin Dirac akwai juyin ƙwaya, wata siffa ta ilektiron mai fuska biyu kacal, a girafin kuma rabon taguwa tsakanin A da B ne ya tsaya a matsayinsa. Wannan rabo a ɗaure yake da inda ilektiron ya fuskanta. Mai tafiya gabas da mai tafiya yamma tsarinsu kishiyar juna ne. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Me ya sa wasu bututan ke aiki kamar ƙarfe, wasu kamar silikon, alhali duk kabon ne?

Yadda aka naɗe fallen ne ke yanke hukunci. Ka ɗauki tabarma mai zane. Kana iya naɗe ta a miƙe, layukan zanen su haɗu baki da baki, kana kuma iya naɗe ta a karkace, layukan su riƙa murɗewa suna hawa. A bututu ana bayyana naɗin da lambobi biyu, n da m, waɗanda ke faɗin taki nawa za a yi ta ɓangarori biyu na saƙar kafin a zagayo inda aka tashi.

Sharaɗin da naɗi ya ƙara shi ne taguwar da ta zagaya bututun dole ta dawo ta haɗu da kanta daidai. Wannan ya hana mafi yawan hanyoyin da ke buɗe a falle shimfiɗaɗɗe, ya bar 'yan kaɗan. Idan ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ta bi ta ɗigon da rukunai biyu ke taɓa juna, bututun ƙarfe ne. Idan duk sun kauce masa, giɓi ya buɗe, bututun ya zama semikondakta, wato irin silikon. Ƙa'idar gajera ce: a cire m daga n, idan 3 ta raba abin da ya rage ba saura, ƙarfe ne. Bututu mai lamba (10,10), faɗinsa nanomita 1.36, ƙarfe ne. Mai lamba (10,0), faɗinsa nanomita 0.78, semikondakta ne mai giɓin da ya kai kusan ilektiron-bolt guda. Mai lamba (9,0) ƙa'idar ta ce ƙarfe ne, sai dai lanƙwasar bango tana buɗe masa ɗan ƙaramin giɓi. Idan naɗin ya zo barkatai, kashi ɗaya cikin uku ƙarfe ne, kashi biyu semikondakta, kuma giɓin yana raguwa yayin da bututun ke ƙara faɗi.

A 1992 ƙungiyoyi uku suka fitar da wannan hasashe kowace da kanta: Riichiro Saito tare da Mildred Dresselhaus da abokan aikinsu, da Noriaki Hamada da nasa, da John Mintmire da nasa. Ba a tabbatar ba sai 1998, lokacin da ƙungiyar Cees Dekker a Delft ta ƙasar Holan da ta Charles Lieber a Harvard suka duba bututai ɗaya bayan ɗaya da na'urar da ke ganin ƙwayar zarra, suka karanta naɗin, suka auna giɓin, abin ya zo daidai.

Idan ilektiron bai yi karo da komai ba, ke nan turjiya ta zama sifili?

A'a, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi ɗaure wa mai koyo kai. Rolf Landauer na kamfanin IBM ya kawo wata hanyar kallon lamarin a 1957, Markus Büttiker ya faɗaɗa ta a shekarun 1980. Siririyar waya tana da ƙidayayyun hanyoyi da taguwa za ta bi, kowace hanya kuma tana da iyakar lantarkin da za ta ɗauka a kan kowane bolt. Iyakar ba ta dogara da irin kayan ba, adadi biyu na halitta ne suka ƙayyade ta: cajin ilektiron, e, da adadin Planck, h. Turjiyar hanya ɗaya ita ce h/e², kimanin om 25,800 (om shi ne ma'aunin turjiya).

Bututun kabon na ƙarfe hanyoyi huɗu gare shi, rukuni biyu, kowane da juyi biyu. A raba 25,800 gida huɗu, a samu om 6,450. Ko da bututun ba shi da aibi ko ɗaya, turjiyarsa ba za ta sauka ƙasa da wannan ba. Zafin da turjiyar ke haifarwa kuma ba a cikin bututun yake fita ba, a mahaɗa yake, inda katuwar wayar ƙarfe mai hanyoyi bila adadin ta haɗu da mai hanya huɗu. A zahiri mahaɗar kan ƙara nata, musamman a semikondakta inda shinge kan tashi a bakin ƙarfen. Samun ƙarfen da ya dace, irin su faladiyam, ya ci wa masu gwaji shekaru, kuma har yanzu duk lissafin da ya manta da mahaɗa bai cika ba.

Me ake nufi da cewa ilektiron yana ratsa shinge a girafin kamar babu shi?

Oskar Klein ya gano a 1929 cewa lissafin Dirac yana ba da sakamako mai wuyar yarda: ƙwaya mai tsananin gudu tana iya ratsa shingen lantarki mai tsayi sosai maimakon ta dawo baya. Ba a iya gwada wannan da ilektiron a sarari ba, saboda ƙarfin da ake buƙata ya wuce misali. A 2006 Mikhail Katsnelson da Novoselov da Geim suka nuna cewa a girafin ƙaramin bolt ya isa.

Dalilin shi ne ɗaurin nan da aka ce a riƙe. Ilektiron da ya tunkari shinge kai tsaye, idan zai dawo baya dole tsarin taguwarsa a kan A da B ya juye gaba ɗaya. Shingen da ya yi faɗin da ya wuce tazarar ƙwayoyi yana taɓa A da B daidai ne, ba shi da abin da zai juya tsarin da shi. Hanyar baya a rufe take, sai gaba. A cikin shingen kuma akwai gurabe a rukunin ƙasa da za su karɓe shi su kai shi ɗaya gefen. Wanda ya zo a karkace yana iya dawowa, wanda ya zo a miƙe kuwa ɗari bisa ɗari yake wucewa, komai tsayin shingen. An ga alamar haka a ɗakin gwaji a 2009, a Jami'ar Kolambiya da ta Stanford, duk a Amurka.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masu nazarin bututu sun riga kowa. Tsuneya Ando da Takeshi Nakanishi da Saito sun nuna tun 1998 cewa a bututun ƙarfe dattin da tasirinsa ke da faɗi ba ya iya mai da ilektiron baya. A bututu kuwa gaba da baya ne kaɗai hanya, don haka toshe baya ya isa ya bayyana doguwar tafiyar nan ta maikiromita. Falle biyu a haɗe kuma akasin haka suke yi: wanda ya zo wa dogon shinge a miƙe shi ne ke dawowa.

To me ya hana girafin maye gurbin silikon a kwamfuta?

Taransisto makunni ne, amfaninsa a kashewa yake kamar yadda yake a kunnawa. Kwamfuta tana buƙatar lantarkin kunne ya ninka na kashe sau 10,000 ko fiye. Girafin ba shi da giɓi, shinge kuma ba ya tare shi, saboda haka a zafin ɗaki bambancin kan tsaya wajen ninki goma. Abin da ya ba shi saurin tafiya shi ne ya hana shi kashuwa.

An bi hanyoyi don buɗe giɓi. Ana yanka shi siriri kamar zare, sai dai gefen da ba shi da santsi yana ɓata tafiyar. Ana haɗa falle biyu a ɗora musu ƙarfin lantarki daga sama zuwa ƙasa, giɓi ya buɗe har kusan ilektiron-bolt 0.25, wanda bai kai yadda ake so ba. Bututun semikondakta ya fi dacewa da wannan aiki tunda da giɓinsa ya zo. An yi taransisto na farko da shi a zafin ɗaki a Delft a 1998, an haɗa ƙaramar kwamfuta mai taransisto 178 a Stanford a 2013, a 2019 kuma aka ƙera wata mai fiye da 14,000 a jami'ar MIT ta Amurka. Wahalar a nan ita ce tace bututan, domin bututu ɗaya na ƙarfe a cikin taransisto ya isa ya hana shi kashuwa.

Akwai inda lissafi da gwaji suka saɓa?

Akwai, kuma a nan ne aka fi ƙaruwa. Idan aka daidaita girafin a kan ɗigon taɓawar, a lissafi babu sauran ilektiron mai ɗaukar lantarki. Hankali zai ce kwarara ta tsaya. Lissafin kwantam ya ce ba za ta tsaya ba, akwai ƙaramin adadi da ba ta sauka ƙasa da shi, 4e²/h a raba da π (e²/h shi ne abin da hanya ɗaya ke wucewa da shi a kan kowane bolt). Ƙungiyar Carlo Beenakker a Leiden ta fitar da shi dalla-dalla a 2006. Amma masu gwaji a Manchesta sun auna kusan 4e²/h, wato ninki uku da ɗoriya. Inda π ɗin nan ta shiga ya zama abin muhawara.

Amsar ta fito daga ƙarƙashin fallen. Ana shimfiɗa girafin ne a kan gilashin silikon, wanda ke da cajoji maƙale a cikinsa barkatai. Su ne ke jan ilektiron su taru a wani wuri, su ƙaurace wa wani, har fallen ya rabu ƙananan yankuna, wannan da rarar ilektiron, wancan da ƙarancinsu. A jimla sifili ne, amma babu wurin da yake sifili. Ƙungiyar Sankar Das Sarma a Jami'ar Maryland ta gina lissafin wannan a 2007, a 2008 kuma ƙungiyar Amir Yacoby ta zana taswirar yankunan da ma'auni. Gwaje-gwajen da aka yi a kan yanki gajere mai faɗi, irin wanda lissafin Leiden ya ɗauka, sun kusanci adadin mai π. Kowa da gaskiyarsa, abu biyu daban ake aunawa.

Daga nan aka duƙufa wajen raba girafin da abin da ke ƙarƙashinsa. Ma'aunin sauƙin tafiyar ilektiron a silikon kimanin 1,400 ne, a girafin da ke kan gilashi wajen 10,000, da aka rataye fallen a sarari a 2008 ya kai 200,000. A 2010 wata ƙungiya a Jami'ar Kolambiya ta ɗora shi a kan boron naitirayid, wanda saƙarsa irin ta girafin ce, mai santsi, ba ya ɗaukar lantarki. Yawancin kyawawan gwaje-gwajen da suka biyo baya da lu'ulu'un da Takashi Taniguchi da Kenji Watanabe ke girkawa a Tsukuba ta Japan aka yi su, kuma sun cancanci a riƙa ambatonsu tare da masu manyan nazariyoyin.

Me maganaɗisu ke yi masa?

Yana lanƙwasa hanyar ilektiron ta zama da'ira, kuzari kuma ya rabu mataki-mataki. A sauran abubuwa tazarar matakan iri ɗaya ce. A girafin tazarar farko ce mafi girma, sannan ta riƙa raguwa, kuma akwai mataki guda daidai a kan sifili. J. W. McClure ya lissafa haka tun 1956. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 10, tazarar farko ta kai kusan ilektiron-bolt 0.115, ninki huɗu da rabi na kuzarin zafin ɗaki.

Sakamakon yana bayyana a abin da Klaus von Klitzing ya gano a 1980, inda kwararar gefe, wato wadda maganaɗisu ke karkatarwa zuwa gefen fallen, ke hawa tsani-tsani. A girafin matakan tsanin suna kan 2, 6, 10 na e²/h. Ƙungiyar Manchesta da ta Philip Kim a Kolambiya sun ga haka a 2005, kuma shi ne shaidar da ta gamsar da kowa cewa lissafin Dirac ne ke aiki. A 2007 aka ga abin a zafin ɗaki. Cibiyoyin awo suna amfani da girafin yanzu wajen tabbatar da ma'aunin om.

Ai ilektiron suna tunkuɗe juna. Lissafin Wallace bai manta da haka ba?

Ya ajiye shi gefe, kuma abin mamaki sau da yawa hakan ba ya ɓata amsa. Amma akwai wurare biyu da ajiyewar ba ta yiwuwa.

Na farko bututu ne. A layi ɗaya babu hanyar kauce wa juna, duk wanda ya motsa sai ya tura na gabansa. Maimakon ɗaiɗaikun ilektiron, abin da ke tafiya taguwar taro ce, caji ma da juyi kowane da gudunsa. Shin'ichiro Tomonaga a 1950 da Joaquin Luttinger a 1963 ne suka kafa wannan nazariya. A 1997 Charles Kane da Leon Balents da Matthew Fisher, da kuma Reinhold Egger da Alexander Gogolin, suka yi amfani da ita a kan bututu, suka ce shigar ilektiron daga waje za ta riƙa wuya ta wata ƙayyadaddiyar hanya yayin da sanyi ke ƙaruwa. Ƙungiyar Paul McEuen a Berkeley ta auna haka a 1999.

Na biyu girafin ne mai tsabtar gaske a matsakaicin zafi, inda ilektiron ke karo da juna fiye da yadda suke karo da datti ko girgiza. Karo da juna ba ya rage jimlar momentam, yana rarraba shi ne kawai, sai taron ya riƙa gudana kamar ruwa mai kauri, da sauri a tsakiya, a hankali a gefe, har da juyawa baya a wasu lunguna. Radii Gurzhi ya yi hasashen irin wannan a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960. A 2016 aka auna bolt mai juyayyar alama kusa da mashigar lantarki a Manchesta, alamar wannan gudana. A shekarar kuma a Harvard aka ga dokar Wiedemann da Franz ta 1853, wadda ta ɗaure tafiyar zafi da ta lantarki a ƙarafa, ta karye da fiye da ninki goma.

Bututu guda nawa yake iya ɗauka?

Kimanin maikiro'amfiya 25, kuma ana iya ganin dalilin da ɗan lissafi. Ilektiron da ya tara kuzarin da ya kai ilektiron-bolt 0.16 yana iya tayar da girgiza mai ƙarfi a ɗaurin kabon, ya zubar da kuzarin, ya juya baya. Bututun ƙarfe yana wuce da maikiro'amfiya 155 a kan kowane bolt. A ninka 155 da 0.16, a samu kusan 25. Zhen Yao da Kane da Dekker suka auna wannan suka bayyana shi a 2000. Adadin kamar kaɗan ne, amma idan aka duba sirantar bututun ya kai amfiya biliyan guda a murabba'in santimita, abin da zai narkar da jan ƙarfe nan take.

Mene ne labarin karkata falle biyu?

Idan aka ɗora falle a kan falle aka ɗan karkata ɗaya, wani babban zane yana fitowa daga haɗuwar saƙoƙin biyu. Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Texas sun lissafa a 2011 cewa a karkatar da ta kai kusan digiri 1.1 gudun ilektiron yana faɗuwa kusan sifili. Idan gudu ya tafi, tunkuɗar juna ce ke mulki. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a MIT ta haɗa irin wannan, ta ga a wani yawan ilektiron abin ya ƙi wuce da lantarki, da aka ɗan canza yawan kuma ya wuce da shi ba turjiya sam, a sanyin Kelbin 1.7, wato digiri 1.7 kacal sama da ƙarshen sanyi. Su ukun sun karɓi lambar Wolf a 2020.

A wannan karkata faɗin ido ɗaya na babban zanen kimanin nanomita 13 ne, da ƙwayoyin zarra fiye da 10,000 a ciki. Ko girgizar saƙa ce ke haɗa ilektiron biyu-biyu su gudana ba turjiya, ko tunkuɗar junansu ce, masu nazari suna kan muhawara.

Wanda ke son yin irin wannan bincike, me zai koya?

Tushen shi ne fiziks na kwantam da lissafin jadawalai, sai nazariyar rukunan kuzari a daskararrun abubuwa. Bayan haka kayan aikin sun danganta da tambayar. Idan na'urar babba ce mai yawan karo, lissafin Boltzmann ya wadatar, ko na Ryogo Kubo na 1957. Idan ƙarama ce da taguwa ke ratsawa a tsare, hanyar Landauer ake bi, tare da dabarar da Leonid Keldysh ya tsara a 1964 don tsarin da lantarki ke gudana a cikinsa. Idan ana son sanin abin da ke faruwa a gefen falle ko a mahaɗarsa da ƙarfe ƙwaya da ƙwaya, sai hanyar da Walter Kohn da abokan aikinsa suka kafa a 1964 da 1965, wadda ke da inganci amma ke cin ƙarfin kwamfuta, ba ta ɗaukar ƙwayoyi masu yawa sosai.

Shawarata ita ce a fara da abin da aka san amsarsa. A rubuta ɗan shiri a Python, ko a yi amfani da manhajar Kwant da ake samu kyauta, a gina bututu (10,10), a tabbatar hanyoyi huɗun nan sun fito. Sannan a cire ƙwaya ɗaya daga bango a ga yadda wucewar ta ragu, a mai da ita, a sa datti mai faɗin tasiri a ga ba ta ragu ba. A canza naɗin zuwa (10,0) a ga giɓin ya buɗe. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa wannan duka.